Rasuwar Farar Fulawar Inna Kyauta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu cike da taɓo, iyalan Inna Kyauta ta Wurno na sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar farar fulawarta, furen nan da anka sani da 'Yar La'asar. Ta rasu ranar Talata a gindin katanga, kusa da randa, inda tay yi duk zamanta.

Marigayiya asalinta 'yar Magarya ta. Mahaifiyar Inna Kyauta tat tono saiwarta da hannunta, taƙ ƙulle a bakin zane, tab ba ɗiyarta. Tsohuwar ta daɗe da rasuwa, kuma abin da tab bari mai rai a gidan ga ke nan.

Mai kunya ta ƙwarai. Duk wuni bakinta rufe, sai an kira la'asar ta buɗe, fara fat, ƙamshi har zaure. Ba a taɓa jin muryarta ba, in ba "zuuu" na ƙwarin da ke zuwa gaishe ta da magariba ba.

Shekarun baya Inna ta yi mata aure da jan furen maƙwabciyarta Habi. Da gashin zabo anka ɗauko garin furen ango anka shafa wa amarya, babu goro babu kiɗi. Ɗiya sunka tsiro, sunka buɗe, duk ruwan hoda. Ko ɗaya bai ɗauko uwa ba, bai kuma ɗauko uba ba. Habi ta ce farin ya tsinke mata ja, Inna ta ce jan ya ɓata mata zuri'a, har sunka ɗan daina aron turmi.

Irin marigayiya tsantsa kuwa Inna ba ta taɓa ajewa ba. Uwa na nan, duk damina saiwa na tohowa, mi za a yi da iri? Wanda yaf faɗi ƙasa ma tsintsiya ke kwashewa.

Ciwon ajali ya zo cikin ruwan Agusta. Inna za ta Goronyo suna, tab bar wa ɗanta Isma'ila amanar ban ruwa. Ta ja matarsa Sa'adiya gefe tab bar mata. A ƙofar gida tat tuna, tas sake bar wa Habi. Mutanen kirki, kowa ya riƙe amana safe da yamma, sama kuma na nata. Ko da Inna tad dawo, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe kamar dafaffen dankali. Ba a zargin kowa, don dukansu sun zo da bokiti a hannu suna kuka.

Marigayiya ta bar ɗiya ruwan hoda, da mijinta ja a gidan Habi, da jikoki cike da tsohuwar tasa da fasassun tukwane. Jikokin nan Inna tash shuka su da gangan daga irin ɗiyan. Hujjarta guda: wushiryarta ta tsallake ɗiyanta kaf, sai ga ta a bakin jikanyarta Mashkura. Abin da yaɓ ɓuya ga ɗa, in ji ta, bai tafi ko'ina ba. To, jikoki sun yi ta buɗewa, wagga ja, wagga ruwan hoda, waccan ma ruwan hoda, Inna na leƙe tana tsaki.

Jiya Isma'ila na cikin gina ramin marigayiya anka kira la'asar. Sai ga wata 'yar ƙanƙanuwa a fasasshiyar tukunya, wadda ba mai kula ta, ta buɗe baki. Fara fat. Inna ta zauna daɓas cikin taɓo, da sabon zanenta.

Za a rufe marigayiya gobe a gindin katangarta, Habi za ta kawo toka da taki. Masu ta'aziyya su ɗaure awakinsu, su zo bayan la'asar, don magajiya ba ta ganin baƙi kafin nan. Kuma don Allah, kada kowa ya zo da ruwa.