Lodin Belel a Sararin Samaniya

Shekara goma ina jan motar haya daga Mubi zuwa Belel, ban taɓa barin kaya a ƙasa ba. Shi ya sa da abokaina suka ce ni zan zaɓa wa ƙananan jiragen yaƙinmu makamai, ko gezau ban yi ba. Wasan kwamfuta ne na yaƙin sararin samaniya da muke yi a shagon Bitrus a unguwar Lokuwa. Wata biyu muna gina sansaninmu, jiragen nan ne masu gadinsa.

Na gyara zama. Kowane jirgi na ɗora masa manyan bindigogi, na ƙara rokoki, na cusa bama-bamai a inda ya rage.

Bitrus ya leƙo ya ce, "Oga, jan rubutun nan yana cewa nauyi ya yi yawa fa."

Na ce, "Bitrus, ni za ka koya wa lodi?"

Sai ga jiragen abokan gaba kamar sauro. Jiragena kuwa suka taso suna nishi kamar motata a hawa da damina. Kafin na farko ya gama shan kwana, sansani ya zama toka. Ko harsashi ɗaya ba mu harba ba. Amma a yi mini adalci, ko ƙusa ba ta faɗo daga lodina ba.

Har yau in na wuce shagon sai Bitrus ya ɗaga murya: "Kwamanda! Duniyar wata za ka? Ga buhun masara biyu da akuya!"