Sanarwar Rasuwar Antimagani, Agogon Rijiyarmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Na Allah Gajere, mai kula da rijiyar ƙauyenmu a ƙasar Issawane, nake sanar da manoma da makiyaya rasuwar agogona, wanda kowa ya sani da Antimagani. Ya cika ranar Talata da hantsi, a shagon Laminu mai gyaran agogo a kasuwar Tasawa, bayan shekara goma sha biyu yana yi mana aiki.

Marigayin baƙo ne, haifaffen ƙasar Turai, daga gidan masu hali. Ya zo mana lokacin farin shekarar 1973 a hannun wani injiniya da ya haƙa mana rijiyar. Da zai koma ya kwance shi ya ɗaura mini, ya ce da shi zan riƙa raba wa mutane lokacin jan ruwa. Ya nuna mini wata kalma a jikinsa, antimagnétique, wato maganaɗisun manyan injuna ba ya rikita shi. Mutanenmu da suka ji kalmar sai suka ce Antimagani, agogon da magani ba ya ci. Na yi lakwal, wato makarantar boko, na san kuskure ne, amma na ja bakina na yi shiru, domin wannan kuskuren ne ya zaunar da mu lafiya. Bafillace ya yarda Bahaushe ba zai iya yi masa asiri ba, Bahaushe ma haka. Minti arba'in kowane garke, kowace unguwa, kuma in ya ce lokaci ya cika, mai takobi ma naɗe igiyar gugarsa yake.

Mai haƙuri ne, marar kwaɗayi. Bai taɓa cin pil, wato batir, ba, abincinsa kawai a murɗa masa ɗan kunnensa kowace safiya. Maganarsa ɗaya ce, cak, cak, cak, kuma ita yake faɗa wa mai gari, ita yake faɗa wa baƙo. Soja sun karɓi mulki yana tafiya, gero ya ƙone a gona yana tafiya. Ko da hukuma ta aiko daga Mayahi cewa duk rijiyar da aka zub da jini a bakinta za a rufe ta, mu ba mu damu ba, muna da shi.

Game da ciwon ajalinsa, na gaya wa mutane yashi ne. Gaskiya ne, amma ni na buɗe wa yashin ƙofa. A farin bana ruwan ya ja baya, ga shanun Ƙadri, mijin ƙanwata Zara'u, sun zama ƙashi da fata, ga 'ya'yanta da nonon shanun suke rayuwa. In layinsu ya zo sai in juya baya, in zaro kunnen agogon, in mayar da hannunsa baya minti ashirin. Kwana tara ina haka cikin iska da ƙura. Wanda ke bin Ƙadri a layi Danda ne, dattijon makiyayi, kuma kafin gugarsa ta sauka sai taɓo. Shanunsa uku suka kwanta ba su tashi ba. 'Ya'yansa suka yi zargin an yi wani abu, shi kuwa ya tsawata musu, ya ce Antimagani ba ya ƙarya, wannan daga Allah ne. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A rana ta goma marigayin ya fara sarƙewa, cak, sai shiru, can kuma cak. Laminu ya buɗe cikinsa, ya ga ƙarfen da aka kewaye zuciyarsa da shi yana nan lafiya lau, amma yashi ya bi ta kunnen ya cinye haƙoransa. Ya dube ni, ya rufe shi ya miƙo mini.

Ya rasu ya bar maɗaurinsa na fata, da farin tabonsa a wuyan hannuna, da unguwa huɗu da garke goma sha ɗaya waɗanda tun Talata suke raba ruwa da inuwar sanda, kowa na cewa tasa inuwar ce daidai. Jiya har an zare takobi.

Za a yi jana'izarsa ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin gawon da ke bakin rijiya. Babu zaman makoki, babu sadakar uku, don ba mu da geron. Kafin a rufe shi zan karanta wannan takarda da bakina, Danda yana gabana, in ya yarda ya zo. Abin da zai biyo baya ni kaɗai ya shafa, Zara'u ba ta san komai ba. Ana roƙon masu halarta, don girman Allah, su bar sanduna da takubba a gida.