Gwiwar Hannun Merle

Duk faɗin jihar Iowa ta Amurka babu wanda ya san soyayya kamar Merle Vanderhoek. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma mai aladu ɗari huɗu ai ba ya ƙarya.

Shekara talatin ke nan da 'yan fim suka zo tsohuwar gadar garinmu mai rufin katako, suka ɗauki fim ɗin da ya sa matan duniya sharɓar kuka. A ciki gwiwar hannun Merle ta leƙo ta tagar mota, daƙiƙa uku cur. Tun ranar ya sakar wa matarsa Arlene aladu, ya sayi hula mai tambari, ya naɗa kansa Shugaban Kwamitin Gada. In ya ba da baya, Gwiwa ake ce masa.

Baƙi na sauka daga bas zai tare su. "Jama'a, ku a allo kuka ga soyayya. Ni tana nan ina nan, ko taku biyar babu."

Al'adar gadar kuwa, masoya su sassaƙa sunansu da wuƙa a katakon ciki. Da bikin cikar fim shekara talatin ya matso, Shugaba ya duba bango ya taɓe baki. "Ƙazanta! A fim ba haka yake ba." Ya ɗauko hayar ma'aikata da injin goge katako.

Arlene ba mai roƙo ba ce, amma ranar ta roƙa. A ginshiƙi na uku ta hagu akwai sunanta da nasa, shi ya sassaƙa da wuƙar babansa ran da ya ce zai aure ta. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa wucewa ba ta shafa wurin ba.

"Merle, na uku ta hagu, ka ce su bar shi."

"Doka doka ce, Arlene. In na bar wa ɗaya, sai na bar wa kowa."

Bai ko tambayi na wane ne ba.

Ranar biki gari ya cika, ga 'yan badujala, ga masara sai gashi ake. Shugaba ya yi awa guda yana wa'azin riƙon alkawari. Can wata baƙuwa ta ɗaga hannu.

"Kai fa, Shugaba, ka taɓa soyayya a nan?"

Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Ya bugi ƙirji. "Ni? Ku biyo ni ku ga shaida!"

Ya ja zuga har ginshiƙi na uku. Sumul kamar teburin cin abinci. Ya leƙa na huɗu, ya dawo na biyu, kowa ya saita kyamara yana jira.

"Arlene! Wai ina sunanmu?"

Tana rumfa tana yanka kek ɗin tuffa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yana gida, Shugaba, bai ɓata ba. Garin katakon na kwashe, na shimfiɗa wa aladu."