Ranar da Na Sa Baban Binta Turin Mota

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da kuwa na so in manta, don mutanen Sule Tankarkar ba za su bar ni ba. Ita ce ranar da na fara zuwa gaida mahaifin yarinyar da nake nema, kuma a ranar ce na sa dattijon nan ya tuɓe babbar riga ya tura mota da tsakar rana. Har yanzu in na tuna sai in ji gumi yana tsattsafo mini a ƙeya.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gumel, 'yan shekaru kaɗan bayan an ba mu jihar Jigawa. Abin hawana keke ne, shi ma sarƙarsa sai da lallashi. Yarinyar sunanta Binta, na fara ganinta a gidan yayarta da ke aure a unguwarmu. Mahaifinta shi ne Malam Idi, wanda duk garinsu, Sule Tankarkar, ake ce wa Baba Direba. Shekara talatin ya yi yana jan gingimari tsakanin Maigatari da Damagaram kafin ya ajiye makulli. An ba ni labari in mota ta wuce ta ƙofar gidansa, daga jin yadda aka canza giya yake faɗin halin direban: wannan mai gaggawa ne, wancan matsoraci, wancan kuma bai san darajar kayan mutane ba.

Ni da na san haka, maimakon in kama bakina, sai wata rana a wajen hira na ce wa Binta, “Ai ni tuƙi a jinina yake.” (Gaskiyar magana, iyakar tuƙina a filin ƙwallo ne, da a-kori-kurar kawuna, lokacin hutu. Sitiyari da birki mun saba, amma ni da kuloci ba ma ga maciji. In na tashi mota sau goma, sau bakwai sai ta yi tsalle ta mutu.) Binta ta faɗa wa mahaifiyarta don alfahari, mahaifiyar ta faɗa wa maigida, shi kuma ya ce, “Madalla. Ranar da zai zo gaisuwa sai mu gani.”

Da saƙon ya iso ni, mako guda na yi abinci ba ya wuce mini. Ina cikin aji ina koyar da lissafi, ƙafata ta hagu tana ƙarƙashin tebur tana gwada sakin kuloci. Na san in mutumin nan ya raina ni, Binta ta fi ƙarfina ke nan, ga shi akwai wani ma'aikacin gona da aka ce shi ma ya fara aiko da gaisuwa.

Da safiyar Asabar ɗin na ɗauki abokina Lawan, wanda zai yi mini rakiya, muka tafi Maigatari wurin Yaya Haruna, ɗan wan mahaifina. Sana'arsa shigo da motoci daga Kwatano ta cikin Nijar. Muka tarar duk manyan motocin an sayar, saura guda biyu irin na samari, masu ƙofa biyu, gajeru har cikinsu ya kusa taɓa ƙasa, in an tashe su salansa tana gurnani. Ɗaya ja, ɗaya baƙa.

“Ticha, zaɓi,” in ji Yaya Haruna. Ya dafa jar. “Wannan ta maza ce, giyar hannu biyar. Kai kake ba ta umarni, in ka iya ta za ka ji daɗin duniya, in ba ka iya ba ta tona maka asiri.” Ya juya ga baƙar. “Wannan kuma atomatik ce, ita take canza giyarta da kanta. Babu kuloci. Ko jaki ka zaunar a kujerar ba za ta mutu a hannunsa ba. Amma wata uku tana nan ba wanda ya taya, direbobi sun ce motar ragwaye ce.”

Na tsaya tsakaninsu. Na dubi jar, na ga kaina na shiga garin ina zuba giya kamar ɗan tasha, Baba Direba yana gyaɗa kai. Sai kuma na tuna rairayin da aka ce yana ƙofar gidansa, na ga motar ta yi tsalle ta mutu a gaban majalisarsa. Na dubi baƙar, na ji kalmar “rago” tana yi mini amo a kunne. Na zagaya su ya fi sau biyar har Lawan ya ce, “Mota ka zo ara ko saniya ka zo saya?”

Nan ne wata dabara ta faɗo mini, irin dabarar da sai daga baya mutum yake gane Shaiɗan ne ya kawo ta. Na ce a raina, wa zai leƙa cikin mota? In na rufe sandar giyar da tawul, ai shi ke nan. Lawan kuwa bai san bambancin kuloci da murfin tukunya ba.

“Ba ni baƙar,” na ce. “Ja ta yi rawar kai da yawa a gidan surukai.”

Yaya Haruna ya yi wani murmushi da ban so ba. Ya shiga ya tashe ta da kansa, ya fara yi mini bayani. “Ka ga sandar nan da haruffa a gefenta? In za ka tafi ka jawo ta kan D. In kuma za ka tsaya, ka kashe...”

“Haba Yaya, ni za ka koya wa mota?” Na katse shi saboda idon Lawan.

Ya ɗaga hannu biyu ya ce, “Allah ya ba ka haƙuri, direba. A sauka lafiya.”

Tafiyar dai ba a cewa komai. Mota tana shan kwalta, tana canza giya ita kaɗai, ni nawa riƙe sitiyari da ɗaga wa mutane hannu. Da muka ratsa ta Gumel har rage gudu na yi ko wani zai gane ni. Sau ɗaya kawai aka samu matsala, inda shanu suka gitta mana bayan mun fita gari. Ƙafata ta hagu ta tafi neman kuloci da ƙarfinta, ta sauka a kan birki. Goshin Lawan ya gaisa da gilashi, hularsa ta koma kujerar baya. Na ce masa birkin nake gwadawa, daga nan na lanƙwashe ƙafar na cusa ta ƙarƙashin kujera.

Da muka shiga Sule Tankarkar na shimfiɗa tawul a kan sandar. Ina ɗaga ƙafa daga totur, ina motsa hannu a kan tawul ɗin kamar mai canza giya, don masu kallo daga waje. Muka hango Baba Direba a gindin darbejiya shi da abokansa dattawa. Na shiga rairayin nan lafiya lau, na tsaya, na ja birkin hannu, na murɗe makulli na zare. Sandar giya na bar ta inda take tun daga Maigatari.

Gaisuwa ta yi kyau fiye da yadda na zata. Muka tuɓe takalma muka durƙusa, ya tambayi iyayena da aikin makaranta, aka kawo fura. Sai ya ce, “Malam, na ji shigowarka. Hannunka da laushi, ban ji giya ta yi ƙara ko sau ɗaya ba.” Na sunkuyar da kai na ce, “A hankali ake koyo, Baba.” (Ku ji ƙarfin hali.)

Bayan sallar azahar muka yi sallama. Dattawan duk suka taso rakiya don su ga motar da kyau, na kuma hango Binta da ƙawayenta suna leƙe ta ƙofar zaure. Na shiga, na gyara zama, na murɗa makulli. Fitilun gaban sitiyari suka kawo, injin ya yi shiru. Na sake murɗawa. Ko tari motar ba ta yi ba.

Baba Direba ya sunkuyo ta taga ya kasa kunne. “Batir ne ya yi sanyi. Ba komai, ku taso mu ba ta hannu.” Ya tuɓe babbar rigarsa ya rataya a reshe. Limamin unguwa ya naɗe hannun riga, wani tela ya baro kekensa, Lawan ma ya fita. “Malam, sa ta a lamba biyu, ka taka kuloci. In na ce saki, ka saki.”

Wannan shi ne lokacin da ya kamata in faɗi gaskiya. Na dubi ƙasa, abin takawa biyu ne rak, birki da totur. Na dubi zaure, ga idon Binta. Na buɗe baki na ce, “To, Baba.”

Na sauke birkin hannu suka fara turi. Mota tana nauyi a cikin rairayi, suna “Ya Allah, ya Allah,” har muka kai kusa da masallaci. “Saki!” Na ɗaga ƙafata ta hagu daga kan dandamalin mota, inda babu komai sai tabarmar roba. Motar ta gangara ta tsaya.

“Ka cika lallaɓa shi,” in ji Baba yana haki. “Sake shi gaba ɗaya, kada ka ji tausayinsa.”

Aka juya ta aka sake turowa. Wannan karon da ya ce saki, har jijjiga jikina na yi gaba da baya don a ga kamar ta so kamawa. (Allah ya yafe mini wannan.) Liman ya ce, “Ta kusa! Ta kusa!” A zuciyata ina ta addu'a Allah ya yi ikonsa ta tashi ko ta wace hanya, don ni kaina ban san ko irin wannan motar tana tashi da turi ba.

Kafin a yi na uku, rabin unguwa ya fito. Aka nufi hanyar kasuwa da ita inda ƙasa ta fi tauri. Sai na ɗaga ido na dubi madubi. Ga Baba Direba, mutumin da ya doshi saba'in, kafaɗarsa a jikin mota, jijiyoyin wuyansa sun fito, gumi yana zuba daga gemunsa, takalminsa ɗaya ya tsaya a rairayi can baya. Da ya ce “saki” muryar ma da ƙyar ta fito. Motar ta tsaya, ya dafa gwiwoyinsa yana tari. Tsoro ya kama ni sosai, na ce yau in mutumin nan ya faɗi, ni na kashe shi. Amma duk da haka bakina bai buɗu ba.

Da numfashinsa ya dawo, ya zagayo ya buɗe ƙofa. “Sauko, Malam, in gwada.”

Na sauko. Ya zauna, ya miƙa ƙafar hagu, ta taka iska. Ya sake lalubawa. Ya sunkuya ya leƙa ƙasa. Sannan ya ɗage tawul ɗin da yatsa biyu, ya daɗe yana kallon sandar da haruffanta.

“Malam, ina kulocin?”

“Ba ta da shi, Baba.”

“To tun ɗazu me kake saki?”

Tela ne ya fara fashewa da dariya, sai wuri ya ɗauka. Na nemi Lawan na rasa, ashe ya zagaya bayan wani shago. A zaure kuwa babu kowa, an sakaya ƙofa.

Ana cikin haka sai ga Sista Rahila, ma'aikaciyar jinya a asibitin garin, mutuniyar Fankshin, ta taso daga aiki da lemarta. “Baba, sannunku da aiki. Lalacewa ta yi?” Ta leƙa ciki. “Af, irin wadda maigidana ya taɓa riƙewa ce a Jos. Ai ba a tura wannan, ko zuwa Kano za ku kai ta. Baba, taka birki.” Ta miƙa hannu ta tura sandar gaba zuwa kan P. “In ba a nan take ba, ba ta tashi. Murɗa makulli.” Ya murɗa. Mota ta ɗauka da gurnaninta kamar ba ita ba.

Baba Direba ya fito, aka miƙo masa takalminsa da rigarsa, ya saka a natse. Ya yafito ni gefe inda ba mai jin mu. Na zaci zagi zan sha, kuma da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi.

“Malam, da ka ce ba ka sani ba, da mun zama mu biyu, don ni ma ban taɓa jan irinta ba,” ya ce. “Rashin iya mota ba ya hana aure. Abin da nake tunani, mutumin da zai bar ni ina turi har sau uku don kada ya ce bai sani ba, ranar da hatsi ya ƙare a gidansa, kwana nawa 'yata za ta yi da yunwa kafin ya buɗe baki? Ka gaida mutanen gida.”

Daga nan ni da Lawan muka mayar da motar Maigatari. Daga baya kawuna ya je wurin Baba Direba neman jin matsayi, aka ce masa a dakata tukuna. Wata biyu Binta ba ta leƙo Gumel ba, ba saƙo ba wasiƙa. Na rame har shugaban makarantarmu ya tambaye ni ko shawara ce ta kama ni.

Da na ga zaman ba zai kai ni ko'ina ba, wata ranar kasuwarsu na hau bayan a-kori-kura tsakanin buhunan gero na koma. Na tarar da majalisar a cike, har da tela. Na durƙusa a gabansu duka na ce, “Baba, ban iya mota ba. Ƙarya na yi wa Binta, na kuma wahalar da ku. Ku yafe mini.”

Ya matsa ya ba ni wuri a tabarma. “Yauwa. Yanzu ka zo gaisuwa.”

Bayan kaka aka ɗaura mana aure. Tun daga lokacin, in aka tambaye ni abin da ban sani ba, kafin mai tambaya ya rufe baki na riga na ce ban sani ba. Binta tana cewa abin nawa ya yi yawa, wai ko hanyar kasuwa aka tambaye ni sai na ce a bari in tabbatar. Nakan ce mata ta ƙyale ni haka, ita a zaure take, ba ta ga fuskar babanta a madubi ba.