Injiniya Rariya

Ranar da aka damƙa min gyaran motar ɗaga kaya a siton masara a Zuru, bakina har kunne. Oga ya miƙo min rigar roba, na ce haba, ni da na girma a gareji? Ruwan batir ya fantsamar min a sabon wando, na share, na hau babur sai Mahuta gaida surukai.

Ina durƙusawa gaban Baba, wandon ya dare daga gwiwa har cinya, duk huji kamar gara ta ci.

Baba ya dube ni ya ce, "Ɗana, ɓerayen sitonku har mutum suke ci?"

Da zanen surukata na dawo gida. Har yau, ko a coci, Injiniya Rariya ake kirana.