Ranar da na shayar da unguwa ruwa da rana tsaka

Ba zan taɓa mantawa da azumin da ya faɗo cikin damina ba, shekarar da na gama karatun kwamfuta a Kazaure na koma Roni ina jin kaina Injiniya.

Baba Ladan, mai kiran salla a masallacinmu, idonsa ya yi rauni (kuma shi ne mahaifin Hindatu, wadda nake nema, to ka gane inda na dosa). Sai na haɗa masa 'yar manhaja a waya, ta riƙa ƙara idan lokacin salla ya shiga. Lokutan a rubuce na zuba su kamar kalmomi, amma waya ba ta ƙara sai an juya su zuwa irin lokacin da take iya lissafawa. Na ɗauko laburare, wato aikin da wasu suka rubuta don kowa ya ara, ta juya mini. Abin da ban karanta ba shi ne, tana juyawa ne zuwa agogon GMT, awa guda baya da namu. Ni da kullum nake jin rediyo na bambanta agogon GMT da na Najeriya da Nijar!

Bayan la'asar na kai masa. Ya ce, "Ka tabbata, yaro?"

Na ce, "Baba, kwamfuta ba ta kuskure." Wallahi har da murmushi.

Ranar kuwa hadari ya haɗo daga wajen Gwiwa, gari ya yi baƙi ƙirin, ba mai ganin rana. Waya ta yi ƙara. Baba ya leƙa sama, ya dube ni, na gyaɗa kai. Ya rangaɗa kiran sallar magariba.

Ina kurɓar kunun tsamiya a ƙofar masallaci, ƙosai a hannu, sai na lura ban ji ko masallaci ɗaya ya amsa ba. Shiru. Na zaro tawa wayar na duba, sai na ga ashe saura awa guda a sha ruwa. Kafin in buɗe baki iska ta yaye hadarin, sai ga rana jawur a saman bishiyoyi, tana kallonmu.

"Innalillahi!" in ji wani dattijo, dabino a bakinsa, ya rasa haɗiyewa zai yi ko tofarwa.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Miƙo mini wayar kawai ya yi ya ce, "Karɓi kayanka, Injiniya. Shekara da shekaru ban taɓa karya wa kowa azumi ba sai yau." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Liman ya ce duk wanda ya sha sai ya rama. Bayan ƙaramar salla unguwa guda ta tashi da azumi, har yau ana kiransa azumin Injiniya.

Hindatu dai na aure ta, bayan an kai ruwa rana. Yanzu duk sanda zan juya lokaci a manhaja sai na tambayi kaina agogon wace ƙasa ne. A gida kuwa, ko ƙarfe nawa na ce mata, sai ta ɗaga labule ta leƙa waje tukuna.