Yadda Za Ka Zama Manajan Saƙar Tsohuwarka Ba Tare da Ka Taɓa Kwarashi Ba

Kai saurayi, matso kusa. Na san abin da ke damunka. Ka samu yarinya, ta amince, amma ubanta ya kafe a kan tambaya ɗaya tal, wai mece ce sana'arka. Kai kuwa ban da cajin waya da gardamar ƙwallo a bakin titi, ba ka da abin nunawa. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan daki-daki, ina tabbatar maka kafin kaka ka zama mai sana'a ba tare da ka ɗiga gumi ba. Na gwada su a kan maƙwabcina Aƙilu a nan Funtua, kuma sun yi aiki tsaf, har zuwa inda shi da kansa ya kwafsa.

Mataki na 1: Nemi sana'ar da ake yi inda maza ba sa shiga

Kada ka ce kai kafinta ne, za a ce nuna shago. Kada ka kuskura ka ce manomi, musamman a gaban irin su Alhaji Maitama na Malumfashi, uban Amatullah da Aƙilu ke nema. Mutumin nan in ya kalli tafin hannunka zai gaya maka rabonka da fartanya. Leƙa cikin gidanku kawai. Aƙilu ya leƙa ya ga tsohuwarsa Hajjo, wadda tun kafin a haife shi take rina ulu a tsakar gida, ita da ƙannensa mata suna saƙa hula da safa da rigunan sanyi na jarirai. Duk faɗin garin babu mai jegon da ba ta san hular Hajjo ba.

Daɗin abin shi ne, ɗan binciken da surukai za su turo iyakarsa zaure. Zai hango hayaƙi, ya ga ulu a shanye bisa katanga, ya koma ya ba da shaida cewa lallai ana aiki a gidan. Wa ke yin aikin? Ba a tambayar wannan, ai rashin kunya ne.

Mataki na 2: Naɗa kanka

Sana'a ba allo, aikin mata ce. Da zarar an kafa allo ta zama kamfani, kamfani kuwa sai da manaja. Aƙilu ya sa aka rubuta "Aƙilu Mai Ulu da 'Ya'yansa", duk da ko auren bai yi ba. Da aka karanta wa Hajjo, cewa ta yi Allah ya kawo 'ya'yan, ta ci gaba da juya tukunya. Ka ga, uwa ba ta kai ƙara.

Mataki na 3: Rina hannunka

Nan fa ilimin yake. Hannun Hajjo shuɗi ne har wuyan hannu, rinin baba ya shige cikin farce da kowace tsaga, sabulun duniyar nan ba ya fitar da shi. Kai ba ka da shekarun ɓatawa a kan wannan. Jira a tsame ulu, ka tsoma hannuwanka a ruwan ɗauraya, ka fita majalisa kana huci kana cewa yau aiki ya yi yawa.

Matsala ɗaya ce, launin aro ba ya jure alwala. Saboda haka bayan kowace salla ka koma ka sake tsomawa. Aƙilu har ɗan galan yake ɗaurawa a bayan babur in zai je zance Malumfashi, ya tsaya a bayan gari ya gyara hannu kamar yadda wasu ke fesa turare.

Mataki na 4: Haddace kalmomi, ka guji aiki

Uku sun ishe ka: baba na shuɗi, karan dafi na ja, gangamau na rawaya. Ka riƙa jefa su cikin hira kana girgiza kai. In tsohuwa ta ce zauna ta koya maka, ɗauki waya ka ce ana kiranka daga Musawa.

Hajjo ta sha gwadawa. Ta taɓa kama masa gefen riga tana nuna masa cewa ulu iri biyu ne a kasuwa, akwai mai shan rini, akwai na roba mai sheƙi wanda launi ke zama a bayansa kawai. A ƙona bakin zare, in ya yi ƙaurin gashi na kirki ne, in ya narke kamar leda a ajiye wa mai shi. Ta ce kuma ba a sa wa ɗan mutum abin da ba a ɗauraye ba har ruwa ya fito fari. Aƙilu ya ce to Inna, idonsa na kan waya. Haka ake so. Manajan da ya san aiki, aiki za a ba shi.

Mataki na 5: Kai kyauta gidan surukai

Sa'adiya, yayar Amatullah, ta zo gida wanka ta haifi ɗa namiji. Amatullah ta ce wa Aƙilu tana son kayan jariri daga hannunsa shi kansa, don ta rufe bakin 'yan gidansu masu cewa saurayinta zauna-gari-banza ne. Tsakani da Allah yarinyar nan ta yarda da shi, kuma shi ma yana sonta har ransa. Ga wani Mannir mai tarakta yana ta zarya yana gaida Alhaji.

Hajjo ta ce za ta yi, amma rini da ɗauraya da bushewa da saƙa ba za su kammala kafin suna ba, a bari a kai daga baya. Manaja ba ya jira. Aƙilu ya shiga kasuwa ya sayi fararen hula da riga saƙaƙƙu, masu sheƙi gwanin kyau, ya haɗa da ƙullin galura kore. Ya bari sai da Hajjo ta tafi barka, ya jefa su a tukunyarta, ya tsame, ya shanya, suna bushewa ya kai. Ɗauraya? Ta rage launi a banza. Ranar kuwa ko galan bai nema ba, hannu ya yi kore shar.

Mataki na 6: In launi ya zuba, nemi mai laifi

Ranar suna aka yi zafi, ɗaki ya cika da mata, kowace sai ta ɗauki jariri ta yaba hula. Yaro ya yi gumi. Da aka cire hular don a yi aski, sai ga kai kore har kunnuwa, wuya kore, ƙirji kore. Sa'adiya ta fasa kuka. Kakar yaron ta ce a nemo mota, wata ta ce ba ciwon asibiti ba ne, a kira malam. Sai da wata goggo ta lakaci goshinsa da bakin zane, ta duba, ta ce ku yi shiru, wannan yaro rina shi aka yi.

Kai dai kada ka firgita. Ka ce ruwan Malumfashi ne. Ka ce sabulun da aka yi masa wanka ne. Ka ce yaron gumi gare shi irin na manya, gado ne. Aƙilu na zaune a tabarmar maza yana jera waɗannan a zuciyarsa, sai ga Alhaji Maitama ya fito daga cikin gida da hula a hannu. Farar rigarsa ma da shatin yatsu kore a kafaɗa, inda Aƙilu ya dafa shi da safe wajen gaisuwa.

Mataki na 7: Ɗora wa tsohuwa

Wannan shi ne matakin ƙarshe, kuma ya fi kowanne sauƙi. Ka ce kai manaja ne, ma'aikata ne suka yi ganganci. Tsohuwa za ta rasa masu saye, sunanta zai ɓaci daga Funtua har Malumfashi, amma uwa ce, za ta yafe.

Alhaji ya tsaya a kansa, ya ɗaga hular, ya tambaya ba tare da ɗaga murya ba.

"Malam Aƙilu, wannan aikin Hajjo ne?"

Ina wurin. Har ido na kashe wa Aƙilu. "E" ɗaya ta rage, a wuce wurin. Yaron nan ya sunkuyar da kai ya daɗe yana kallon hannuwansa, kunya ta kama shi kamar ya nutse.

"Baba, Inna ko ganinta ba ta yi ba. Ni na rina. Kuma tun da nake, ita ce abu na farko da na taɓa rinawa."

Alhaji ya ce dama bai zaci aikinta ba ne, domin hular da Amatullah ta sa tana jaririya a wajen Hajjo aka saya, tana nan cikin akwati, ja kamar jiya. Ya ce da Aƙilu ya ce e, da daga nan zai tashi, ba zai ƙara taka ƙofar gidan ba. Sannan ya miƙa masa buta.

"Yi alwala, azahar ta yi."

Ruwa ya zuba kore a ƙasa, hannu ya dushe, tafin ya fito sumul, ba kanta ba tsaga. Alhaji ya duba ya ce: "Ranar da launin hannunka ya daina fita da alwala, ka turo manyanka. Amma ka sani, ban hana Mannir gaishe ni ba."

A kula

Ni dai na gama nawa. Duk wanda ya bi matakan nan jikan mutane ya koma kore, ko aka raɗa wa yaro Ɗanye har unguwa ta manta sunansa na yanka, babu hannuna. Haka kuma wanda ya tsallake mataki na bakwai, abin da ya same shi shi ya jawo.

Dubi Aƙilu. Allo ya sauka, an mayar da shi murfin tukunya. Kullum yana durƙushe a tsakar gida yana ɗauraya, Hajjo na tsaye a kansa tana cewa ruwan bai yi fari ba, a sake. Ƙannensa sun ɗora masa kwarashi, suna dariyar safar da ya saƙa wadda sai dai ƙafar ɗan maraƙi. Taraktar Mannir kuwa tana nan tana wucewa ta ƙofar gidan Alhaji.

Jiya a bakin masallaci na gan shi ya yi alwala, ya duba hannu, ya sake zuba ruwa ya murza da ƙarfi. Shuɗin gefen farcen babban yatsansa ya ƙi fita. Ya ajiye buta yana ta murmushi shi kaɗai, har ya rasa raka'ar farko.

Wannan ba koyarwata ba ce.